Littafin Babikir

Injin ban-ruwa ya mutu ran Talata,
albasata ta kwanta a gaɓar Nilu
kamar mai zazzaɓi.
Ban aika wa kowa ba. Haladu ya ji a kasuwar Maiurno,
ya rufe rumfarsa da rana tsaka,
ya zo da sufana uku da tsumma a kafaɗa.

Kwana biyu yana cikin laka har gwiwa.
Da injin ya yi tari, ya tofo jan ruwa,
sai na zura hannu a aljihun jallabiya.
Ya ce, "Hannun nan ciwo yake yi?
Fito da shi ya sha iska."

Na fito da shi wayam.

Da dare Kande ta ce, "Kwana biyun nan
da rumfa ke rufe, me 'ya'yansa suka ci?"
Na ce tare muka yi kiwon awaki,
wanzami ɗaya ya yi mana kaciya,
yaya zan ƙirga masa fam a tafin hannu
kamar ɗan ƙwadago daga Sinja?
Ta ce, "Ɗan ƙwadagon ya fi shi sa'a,
shi ba amininka ba ne."

Maganar ta kwana tana cizona fiye da sauron kogi.

Da safe na nufi kantin Babikir.
Littafinsa mai shuɗin bango ya san cikin kowane gida:
Haladu, sukari. Haladu, gawayi rabin buhu.
Haladu, maganin tarin autarsa.
Na ce, ja layi, kuma kada ka kama suna.
Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ja.

Mako bai zagayo ba, na tarar da sabon bel ɗin inji
rataye a ƙyauren gidana, ba sallama, ba saƙo.
Ya fi bashin tsada, na sani, na tambaya a Sinnar.

Na same shi gindin darbejiya, wurin shayi.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Wani ɓarawo
ya shiga littafin Babikir, ya sace mini bashi."
Na ce, Allah ya tona asirinsa.
Ya ce amin, ya turo mini kofi.

Da Nafisa mai shayi ta zo karɓar nata,
hannu biyu suka ruga aljihu.
Ta ajiye faranti, ta zauna kan kujera,
tana jira mu gama rantse-rantse.