Lamba Goma Sha Bakwai

Na baro Jos kafin kiran assalatu,
sanyin Farin Gada na cizon kunne,
takarduna cikin leda, ledar cikin riga,
kamar mai ɓoye kuɗin adashi.
Akwanga ta wuce, Keffi ta wuce,
a Mararraba muka tsaya cak,
motoci sun sarƙe, ba mai ba wani hanya.
Direba ya waiwayo:
"Kai da za ka raba jirage a sama,
fito ka fara raba mana waɗannan."
Mota ta ɗauki dariya.
Ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa.

Lamba goma sha bakwai suka ba ni.
Benci, fanka, mutum ashirin ba mai tari.
Takalmin da na aro wurin Sagiru
yana ta gasa mini ƙaramin yatsa.
Ta taga ina hango hasumiyar,
doguwa, da kai kamar tulu bisa gammo.

Akwai abin da na zo da shi
wanda ba ya cikin ledar: i'ina.
Ta-ta-tanimu, haka ake kirana a firamare.
Shekara tara ina hawa dutsen unguwarmu
ina karanta wa awaki tsohuwar jarida da ƙarfi,
har harshena ya yi laushi,
har awakin suka gaji da labarin duniya.

Su uku ne a bayan tebur.
Ta tsakiya, Madam Kachollom,
ba ta ko dubi takarduna ba.
Ta ce: "Hadari ya haɗo daga gabas.
Jirgi ɗaya mai ya kusa ƙare masa.
Na biyu ya ɗauko babban mutum,
matuƙinsa na ɗaga maka murya.
Na uku yana bakin titi, yana son tashi.
Daƙiƙa goma. Yi magana."

Sai kalmar ta tsaya a maƙoshi,
ta kafe ƙafa kamar jakin da ya ga rafi.
Agogon bango na sara.
Na ji zufa ta bi gadon bayana.

Can na hango Baba a tashar Bauchi Rod,
ɗan kamasho, biro a bayan kunne,
direbobi goma na ihu a kansa
shi kuwa yana ɓare goro.
Bai taɓa ɗaga murya ba.
"Mai ihu ba shi ne mai ciwo ba," yakan ce,
"ɗaya bayan ɗaya,
ko tururuwa haka take shiga rami."

Na ja numfashi.
"Na ƙasa ya tsaya inda yake.
Mai ƙarancin mai ya sauko.
Babban mutum ya yi ta shawagi,
a sama babu jiniya."

Tsohon da ke hagu ya rufe baki da hannu.
Ita ba ta yi murmushi ba.
Ta cire tabarau: "Kana da i'ina."
Ba tambaya ba ce.
Na ce: "Ina da ita, ranki ya daɗe.
Takan nemi sauka ba izini.
Na koyi ce mata ta zagaya
sai na gama da masu rai a hannuna."

Ta rubuta wani abu. Gajere ne.
Na so in leƙa, na hana idona.
"Za ka ji daga gare mu."

A Lugbe na cire takalmin Sagiru,
na sayi gasasshiyar masara.
Inna ta kira: "To, yaya?"
Na ce ba su ce e ba, ba su ce a'a ba.
Ta ce rabo ba ya ɓatan hanya, in dai ci abinci.

Magariba ta yi, yayyafi ya soma.
Daga bakin kwalta na ga fitilu uku
sun jero daga cikin gajimare,
kowace da tazararta,
kowace da ɗaruruwan mutane
da ba su san sunan mai riƙe da su ba.
Wata murya ce can bisa tulun,
ba gaggawa, ba kyarma,
take sauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na tsaya har ta ukun ta taɓa ƙasa.
Masarata ta huce a hannu.