Abin da Muka Tarar a Tumbin Akuya

Arzika ya shigo da ita a kafaɗa daga Dundaye,
jar akuya, irin wadda fatarta ke tsada a Kara,
ciki ya kumbura kamar ganga.
Ya ce, "Kwana tara ba ta tuƙa ba.
Ku da ka ganin abin da ido bai gani, ku duba min."

Na ɗebi jini, na shafa a gilashi,
na duƙa kan madubi har wuyana ya sage.
Babu sammore. Babu tsutsa.
Jininta ya fi nawa tsabta.
Kafin la'asar ta miƙe ƙafa.

Ni da Luba muka buɗe tumbin.
Ba dusa, ba harawa:
safar hannu shuɗiya, goma sha ɗaya,
sun sarƙe kamar masu musabaha,
da murfin kwalbar gwaji
mai ɗauke da lamba,
da wannan bakwai ɗin
da ni kaɗai nake ɗaura wa ɗamara.

Luba ba ta ce komai ba.
Ta taga muka hango ramin bayan katanga,
inda Baba Jelani ke cinna wuta ran Alhamis
in an samu kananzir.
In ba a samu ba, iska ta raba gado.

Shekara nawa nake cire safa in jefar,
in wanke hannu har gwiwa,
in tafi gida ina jin ni mai ceto ne?

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Washegari muka buɗe tsohon firji,
wanda janareta ke shan gas dominsa dare da rana.
Me yake gadi?
Jinin shanun da aka cinye tun kafin aurena,
ba suna, ba mai shi.
Muka kwashe, muka kashe shi.
Shirun da ya biyo baya har ya ba ni tsoro.

Luba ta zaƙulo kwalaben gilashi daga sito,
na zamanin da ake dafawa a sake aiki.
Ruwan da injin tacewa ke zubarwa banza
yanzu zogale uku ke sha.
Ramin ya samu murfi da kwaɗo.
Takardar neman farantan sola kuwa
tana ofis, wata na biyar,
alhali ranar Sakkwato na gasa kwanon rufinmu kyauta.

Ban ce mun gyaru ba.
Har yau akwai safar da dole a jefar.
Sai dai ina ƙirga ta.

Arzika ya dawo ran Laraba, ɗan marayanta a hammata.
"Mi yak kashe ta, Malam?"
Na duba takarda, na duba hannuna.
Na ce, "Mu ne."

Ya daɗe yana kallona.
Ya ce, "Allah shi kyauta."
Sannan ya tambayi inda muka ajiye fatar.