Inci Huɗu

A Coventry, a hawa na biyu,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo gari,
Rumasa'u ta dawo daga wurin koyon tsalle-tsalle
da jiƙaƙƙen takalmi da buƙata guda:
"Baba, katakon taku nake so a gida,
ɗan gajere, wanda ko an faɗo ba a karyewa."

Na duba kuɗinsa a waya.
Fam ɗari da ashirin.
Na kife wayar kamar ta zage ni.

Ni fa ɗan kafinta ne,
ko da yake shekara goma sha ɗaya ke nan
hannuna bai san komai ba sai sitiyarin bas.
Ranar Asabar na sayo katako biyu,
ƙafa takwas-takwas,
suka ƙi shiga mota, na saɓo su a kafaɗa,
ina tafe jama'a na darewa.

Dattijo Pritchard na ƙasanmu ya ba ni aron zarto,
ya tsaya a kaina da kofin shayi,
bai ce uffan ba.
Da na yanka a karkace, sai ya yi tari.
A cikin tarin na ji muryar mahaifina
daga rumfarsa ta Malumfashi:
katako ba ya ƙarya, yaro,
in ka ga ya kauce, hannunka ka tuhuma.

Gam, ƙusa, samfefa,
sartse biyu a babban yatsa.
Na shimfiɗa soso siriri,
na naɗe da ragowar kafet ɗin matakala,
ruwan toka, mai tabon shayi a gefe guda.
Uwarta ta leƙo daga kicin, ta ga garin katako har kan labule,
ta ce falonta ne ya zama shago,
ta koma, ta dawo da tsintsiya, ta miƙa mini.

Faɗinsa inci huɗu.
Tafin hannuna ya rufe shi har da saura.

Ta hau ba bisimillar tsoro.
Hannuwa a buɗe, haɓa a sama,
yatsun ƙafa na lalube kamar masu karatu,
ta je ƙarshe, ta juya a kan ƙafa ɗaya,
katakon bai ko yi ƙara ba.
Ni ne na yi.

Don na tuna gungumen giginya
da aka gitta a kan rafin bayan gonarmu.
Sa'o'ina da gudu suke haye shi da damina,
ni kuwa da rarrafe,
ciki a manne, ido a rufe,
har aka raɗa mini suna Kunkuru.
Ban taɓa gaya mata ba.

Da dare ya raba, na dawo daga aiki,
gida shiru sai hita na ƙyas-ƙyas.
Na tuɓe safa.
Abin da tsayinsa bai kai gwangwanin madara biyu ba,
me zai yi wa mai gemu?

Taku ɗaya. Taku biyu.
A na uku bango ya matso, firji ya karkata,
na sauka da gwiwa da duk nauyin tuwon dare.

"Ƙafarka kake kallo."
Tana bakin ƙofa, cikin rigar barci mai hoton kifaye,
kitsonta ɗaya ya warware.
"Ba a kallon ƙafa, Baba. Ƙarshen za ka kalla."

Ta je ta tsaya a can ƙarshen,
ta miƙo hannu, tana hamma.

Na sake hawa.
Daga ƙasa Pritchard ya buga silin da sandarsa sau biyu,
ban sani ba ko gargaɗi ne ko ƙirga mini yake.
Na ɗaga ƙafa ta uku.