Ɗigon Shuɗi a Kan Gadar Tyne

Shida da rabi nake tashi daga aikin dare,
ƙafafu kamar an ɗaura musu turmi,
warin asibiti bai saki rigata ba.
A bakin kogin nake samun sa,
tsohon nan ɗan Holan, Wiebe,
hular ulu ta rufe kunne ɗaya, ta bar wa sanyi ɗaya,
buroshi biyu a haƙora,
yana hararar ruwa kamar mai bin sa bashi.

Bai taɓa farawa da gada ba. Ruwa tukuna.
Ya ce a ƙasarsu teku ya fi daɓen ɗaki tudu,
yaro kan iya karanta ruwa kafin ya iya gaisuwa.
Na ce namu na Wudil yakan ja jiki da rani,
ya bar yashi masu tifa su yi ta kwasa.
Ya yi dariya har buroshi ya faɗi.

Wane launi ne wancan? Ya nuna da haɓa.
Na ce toka.
Ya ce ƙara dubawa.
Sai ga koren tsohuwar kwalba,
ga kunun kanwa da ya kwana,
ga ɗan haske da bas ya zubar yana wucewa ta sama.
Shekara tara ina tsallake Tyne,
ashe ban taɓa yi masa sallama ba.

Wata safiya tsuntsun teku ya yi masa kashi a kan zane.
Ya duba, ya gyaɗa kai, ya mai da shi girgije.

Da sanyi ya kankama sai na daina ganin sa.
Ban da lambarsa. Ban ma san sunan ubansa ba.

Jiya, a tagar wani kanti a Ouseburn,
na ci karo da kogin a rataye,
gadoji na bin juna har cikin hazo,
kuma a kan mai koren baka
ga wani ɗigon shuɗi, bai kai ƙwayar wake ba,
ya sunkuya yana ture iska.
Na san mayafin. Da shi nake tsaye.

Kuɗinsa albashina na wata uku,
an ma manna jan tambari, an saya.
Yanzu a wani falo da ba zan taɓa shiga ba
ina can tsakiyar gada, a gajiye,
kullum na kusa gida.