Babban Yatsana

Tun ƙarfe goma nake tsaye
bakin ƙofar kwamiti, nan Abuja.
Ciki ana ja-in-ja kan sashe na tara:
a bar ma'aikatan zaɓe su jefa tasu da wuri?

Honarabul Dabo ya ce kwana bakwai.
Honarabul Kaneng ta buga tebur:
"Akwatin da ya kwana, wa zai rantse a kansa?"
Ciyaman ya saci kallon agogo.

Ni, Kofur Tanimu, zan rantse.
Zaɓe huɗu ina gadin akwati,
Kuje, Kwali, har gari ya waye,
babban yatsana bai san tawada ba.

Aka ɗage zama sai bayan hutu.
Na buɗe musu ƙofa,
na ƙame,
na sara.