Lafiya Lau, In Ji Na'ura

Ƙarfe goma Yahuza ya miƙo mini makulli,
ya ce, "Yau dai ta wuni da hankalinta,
sai fanka ta uku da ke ɗan tari."
Ya ɗaure jaka a bayan babur,
ya nufi Tudun Wada kafin hadari ya sauko.

Aka bar ni da ɗaki mai sanyin randa,
hawa na biyu, a bayan Kongo,
da allo mai layi goma sha ɗaya.
Kowane layi da ɗigon fitila a gefensa:
kore, kore, kore,
kamar alayyafon bakin Kubanni.

Aikin nan gaisuwa ce kawai.
Duk minti biyar manhajar sa ido takan zagaya,
ta ce wa kowace na'ura, "Ina gajiya?"
su ce, "Ba gajiya."
Rumbun ajiya? Da sauran wuri.
Zafin jiki? Bai kai zazzaɓi ba.
Mutum nawa ke ciki? Ɗari da bakwai,
masu neman sunansu a sanarwa da tsakar dare.
Ni kuwa in buɗe littafi mai jan bango,
in rubuta lokaci, in rubuta: lafiya.

Inna a Ƙofar Gayan ta taɓa tambayata
me nake yi har ake biyana ina zaune.
Na ce, "Jinya nake, Inna."
Ta ce, "Wa ke kwance?"
Na ce, "Ba kowa tukuna."
Ta yi dariya har ta ƙware da goro.

Sha biyu da rabi aka ɗauke wuta.
Batir ya karɓa, ya yi kuka sau uku,
Baba Tanimu ya tada janareto a ƙasa
yana mitar wanda ya sha masa mai.
Kore bai ko gezau ba.
Na haɗa shayi, na tsoma ragowar burodi.

Biyu da kwata ta gota
idona ya sauka a kusurwar allo,
inda ƙaramin agogo yake:
sha biyu da minti talatin da ɗaya.
Na duba na hannuna. Na sake dubawa.
Ɗari da bakwai ɗin nan suna nan ɗari da bakwai,
ba wanda ya shigo, ba wanda barci ya sace.
Ashe mai gaisuwar ce ta sume a tsaye,
ta bar mini tsohuwar amsa ina ta kwafa
da hannuna, da birona,
lafiya, lafiya, har kusan shafi guda.

Haka mahaifinmu ya yi mana a gadon Shika.
Duk wanda ya leƙo, "Da sauƙi, alhamdu lillahi,"
murmushi ɗaya tun ranar Lahadi,
mu kuma muna kai labari gida yadda muka ji.
Sai Laraba.

Na zagaya bayan akwatunan ƙarfe.
Zafi ya mare ni kamar bakin tanda.
Fanka ta uku ta daina tarin ma.
Na kashe, na ƙirga talatin a zuci, na kunna,
na jawo fankar tebur na saita mata iska.

Allo ya dawo da ja har huɗu.
Wallahi jan nan ya fi mini daɗin gani,
ko ba komai yanzu yake magana.
Ɗaya ya koma ruwan ɗorawa, ya yi jim,
ɗaya ya ƙi, sai da na lallaɓa shi sau biyu.
Kafin kiran assalatu daga masallacin Gyallesu
saura guda, shi ma yana kan hanya.

Na ja layi a kan abin da na rubuta,
ban yage shafin ba.
A ƙasa na sa: daga sha biyu da rabi zuwa biyu da kwata
ban san halin da take ciki ba.

Bakwai saura Lantana ta shigo, lemarta na ɗiga,
ta ce, "Ya dare?"
Bakina har ya ɗauko amsar da ya saba.
Na haɗiye ta,
na miƙa mata littafin a buɗe.