Littafin Wuta

Babana Nomau mai gadin daji ne a bakin kogin Dindir,
shekara talatin da ɗaya, jaki ɗaya, gora ɗaya,
da wani littafi mai shuɗin bango
wanda yake rufa wa rigarsa in hadari ya taso.
Kowace wuta layi guda yake ba ta:
ranar da ta kama, inda ta kwana, wanda ake zargi.
"Masu ɗiban zuma."
"Makiyaya, suna kiran sabon tsiro."
"Yaro da ashana a bakin ramin gafiya."
Sau bakwai ya rubuta, "Allah ne masani."

Ni ba rubutu na riƙe ba.
Na riƙe ƙarar gamba tana fashewa gaɓa-gaɓa,
shirwa tana lilo a kan harshen wuta tana cafe fara,
ƙaro yana narkewa a jikin dakwara.
Da safe ƙasa baƙa wuluk, da sauran ɗumi a tafin ƙafa,
inna tana hure toka daga kan kisira
kafin ta miƙo mana.
Na ce, Baba, ina hayaƙin yake zuwa?
Ya ce, "Sama ba ta cika."

Bana 'yata Ihsan ta dawo daga karatu a Sinja
da takarda a naɗe.
Ta shimfiɗa ta a gadon igiya, ta danne da finjali.
Jan zare ne guda, yana hawa yana gangara
kamar sawun maciji a rairayi.
Ta ce numfashin dajin ƙasar nan ne idan ya ƙone,
shekara bayan shekara.
Ba baƙin da ke sa mu tari ba,
ɗan'uwansa marar launi,
wanda ke taruwa can sama ya zama bargo
a kan duniyar da ba ta ce tana jin sanyi ba.

Muka tono littafin kakanta daga gindin akwati.
Gara ta cinye shekara biyu.
Ta ɗora yatsa a kan tudu, na buɗe shafi:
damina ta yi kyau, ciyawa ta shanye raƙumi,
wuta ta kwana tara tana tafe,
ta ci rumbun Gambo Kurma da amya goma sha huɗu.
Ta gangaro da yatsa cikin kwari,
na tarar da shafi fari fat, sai layi ɗaya:
"Ba abin ci, ko ga wuta."
Shekarar ce muka binne ƙanena Attayib,
muka sayar da jakin.
Ta ce, a takarda,
wannan ce shekarar da ta fi kowace tsabta.
Ban amsa ba. Na ƙara mata jabana.

Can ƙarshe zaren ya ɗan sunkuya, ta yi murmushi.
Na ce sa takalminki.
Na kai ta inda wutar kwana tara ta yada zango:
riɗi ne iyakar gani,
sawun tarakta, kututturen aduwa, buhunan gawayi a jere
suna jiran mota.
A nan dai wuta ba tuba ta yi ba,
gidanta aka rushe.

Yanzu ta nace mu share hanya tsakanin gona da abin da ya rage,
mu sa wuta tun ciyawa na da ɗanye,
da yamma, iska a kwance,
ta ci kaɗan ta mutu da raɓa.
Dattawa sun ce haka ake yi dā, mantawa aka yi.

Shafi goma sha ɗaya suka rage a littafin.
Jiya ta rubuta layinta na fari:
rana, wuri, da sunanta a gurbin wanda ake zargi.
Ni kuwa na koma bangon ciki,
inda babana ya sa hannu,
na ɗaga alƙalami zan gyara masa magana a kan sama.
Har tawada ta bushe ban iya ba.